Auta da Duniya Mai Launin Toka

Wai ku ba kwa gajiya da tambaya? Mutum bai gama ajiye tsintsiya ba, kun tsare shi da "Kaka, me ya sa Auta ta yi kuka a gaban kwamfuta?" Ina ruwanku? To, tunda kun nace, ku zauna. Kai, sauke ƙafarka daga kan kujera.

Yayan Auta yana da wani wasa a kwamfutar falo. Wasan jirgi ne mai yawo can cikin taurari. Duk hutu yaron nan ya ƙarar wajen gina jirgin. Ya yi masa ɗakuna, ya yi masa tagogi, har da ɗan lambu a ciki.

Ranar da zai koma makarantar kwana, sai ya kira Auta.

Ya ce, "Zo in ba ki amana. Man jirgina ya kusa ƙarewa. Da ƙanƙara yake yin mai. Ki nemo mini duniyar da take da ƙanƙara."

Auta ta ce, "Yaya za a yi in gane ta?"

Ya nuna mata wasu 'yan na'urori a cikin jirgin. "Waɗannan 'yan aike ne. Idan kika tura ɗaya, zai leƙa duniyar ya faɗa miki abin da ke cikinta. Amma wanda ya tafi ba ya dawowa. Kuma ba su da yawa. In mai ya ƙare, jirgin ya mutu ke nan. Sai a koma farko."

"Haba Yaya, ɗan wannan? Ka tafi kawai."

Kun dai san Auta. Ba ta wuce rufaffen kwano ba ta buɗe ba.

Da ta gama wanke-wanke ta kunna kwamfuta. Sai ga wani babban tauraro, duniyoyi suna zagaye shi. Wata ja wur. Wata da zobe kamar an sa mata awarwaro. Wata da zane-zane kamar atamfa.

Ta ce a ranta, "Ko me ke cikin jar can?"

Ta tura ɗan aike. Ya ce duwatsu ne da zafi.

Ta tura wani wurin mai awarwaro. Ya ce iska ce zalla, babu ko wurin taka ƙafa.

Ta tura wani wurin mai zane. Wannan ya ce ruwan saman da ake yi a can yana cin ƙarfe.

Auta ta yi tsalle. "Mama! Zo ki ga inda ruwan sama yake cin ƙarfe!"

Mama ta leƙo daga kicin. "Kin samo abin da aka aike ki?"

"Saura kaɗan, Mama."

Ina saura kaɗan! Ta ma manta da zancen ƙanƙara. Duk wadda ta yi mata kyau sai ta tura. Tana cikin haka wata jar fitila ta fara ƙiftawa. Mai ya zo ƙasa. Ta duba ɗakin 'yan aike. Guda ɗaya tak ya rage.

A nan ne ta fashe da kukan da kuke tambaya.

Baba ya shigo ya same ta. Ta faɗa masa komai.

"Baba, don Allah kada a gaya wa Yaya."

Baba ya ce, "Ni ba zan gaya masa ba. Ke za ki faɗa da bakinki. Yanzu dai ɗauke hannunki daga nan. Kada ki sake taɓa komai sai kin san dalilin taɓawar."

Washegari a makaranta, da aka fita hutun tara, Auta ta bi malamar kimiyya har bakin ofis.

"Malama, a can sama, ina ƙanƙara take zama?"

Malama ta dube ta ta yi murmushi. "Idan mamanki tana girki, kina ajiye ƙanƙara kusa da murhu?"

"A'a, Malama. Ai narkewa za ta yi."

"To, shi tauraro mene ne?"

Auta ta riƙe baki. "Wuta ne! Malama, ashe duk a gindin murhu nake ta nema!"

Da ta dawo gida, ko jaka ba ta sauke ba. Wannan karon ba ta tura kowa ba. Da ido ta fara dubawa, tunda kallo ba ya cin ɗan aike. Ta ja hoton a hankali, nesa da tauraron. Can ƙurya sai ga wata 'yar duniya mai launin toka. Ba kyau, ba ƙyalli, kamar tsohuwar ƙwallon da aka manta a bayan gida.

Amma fa kusa da tauraron akwai wata shuɗiya mai walƙiya da ba ta leƙa ba. Yatsanta har ya kama hanya. Sai ta janye hannun ta zauna a kansa.

Ta ce, "Ke shuɗiya, jira ni. Aike aka yi mini."

Da ɗaya hannun ta tura ɗan aiken ƙarshe wurin mai toka. Ya yi ta tafiya. Auta ta ƙura wa kwamfutar ido. Sai fuskar kwamfutar ta yi fari fat. Ƙanƙara ce, tuli guda! Jirgi ya sha mai ya ƙoshi, jar fitila ta mutu.

Ranar da Yaya ya bugo waya, ta faɗa masa gaskiya.

Ya ce, "Kin cinye mini 'yan aike, sarkin buɗe-buɗe?"

"Ka yi haƙuri, Yaya."

"Ya wuce. Tunda akwai mai, za mu je tasha mu ɗebo wasu. Amma tsaya, wai da gaske ruwan can yana cin ƙarfe?"

Kun ji fa. Shi ma ɗin gwanin son sani ne.

Son sani ba laifi ba ne. Amma idan abin hannunka kaɗan ne, ka fara da abin da ake buƙata, ka bar abin sha'awa sai daga baya. Kuma ka yi tambaya kafin ka kashe, ba bayan ka kashe ba.

Me? Abin da ke cikin shuɗiyar? Ka ji ka, wata tambayar kuma! Sai Yayan ya dawo hutu. Maza ku tashi ku wanke ƙafa ku kwanta. Kada in ji motsin kowa.