Kwadon da Aka Musanya

Da hantsi aka kira Insifekta Dzarma. An tsinci gawar Tahir a gonarsa ta Dusuman, harbi biyu a ƙirji. 'Yan daji ne, wannan kowa ya sani. Abin da ya hana Dzarma sakat shi ne yadda suka gano shi. Wata takwas Tahir yana aiko wa yayansa, Bulama Kashim, mai unguwar Fezzan, labarin hanyoyin da suke bi, Bulama yana miƙa wa jami'ai. Saƙon kuwa a kulle yake tafiya ta waya.

Matar mamacin, Ya Gumsu, ta tono wayarsa daga tukunyar gero. Ta kuma farke ɗinkin hularsa, ta zaro wata 'yar takarda cike da lambobi.

"Ko ni bai yarda in taɓa ba," in ji ta. "Ya ce kwadon Yaya ne."

Dzarma ya sami Bulama a zaure, idanu sun yi jawur. Kusa da shi surukinsa Babagana ne zaune, mijin 'yarsa Mu'mina wadda 'yan daji suka tafi da ita bara.

"Ƙarya suka yi mini!" Bulama ya ce. "Masu ƙungiyar da suka sa mana abin kulle saƙon nan a waya sun rantse ba mai iya karantawa. Ga shi sun kashe mini ƙane!"

Dzarma bai yi musu ba. Ya miƙe ya ciro kwadon ƙofar zauren.

"Baba Bulama, duba nan. Ka ba ni kwadon nan a buɗe, makullin yana aljihunka. Na sa wasiƙa a akwati na datse. Wa zai buɗe?"

"Ni mana."

"Ni da na datse fa?"

"Kai ma ba ka iyawa."

"To, haka wayarka take. Lambobin nan su ne kwado, ko a Kasuwar Litinin ka raba su ba komai. Makullin yana cikin wayarka, ba ya fita. Amma a ce wani ya kai wa Tahir nasa kwadon, ya ce naka ne?"

Tsohon ya ce, "Sai ya buɗe da makullinsa."

"Ya karanta, ya sake datsewa da naka, ya turo maka. Kai kuwa ba ka ga alamar komai ba. Wa ya kai wa Tahir takardar?"

"Babagana. Ni ɓoye ta na yi, ko a waya na ƙi karanta masa. Na ce sai na gida."

"Ayya, Baba. Kwado ba abin ɓoyewa ba ne. Da ka karanta masa da bakinka..." Dzarma ya haɗiye sauran, ya ji haushin kansa.

Babagana ya yi caraf. "Yallaɓai, yadda Baba ya ba ni haka na miƙa. Ko warware ta ban yi ba."

Dzarma ya buɗe wayar Bulama, ya jera lambobinta da na takardar. Ko ɗaya ba su haɗu ba.

"Sai dai marigayi ya sake kwafa ya yi kuskure," in ji Babagana.

"Kuskure a duka arba'in? Wayoyinka nawa?"

"Ɗaya." Ya ajiye ta a kan tabarma, har da turo ta gaba.

Dzarma ya ɗauko wayar Tahir, ya rubuta "Salamu alaikum", ya aika wa Bulama. Wayar Bulama shiru. Ta kan tabarma ma shiru. Sai ga wani abu yana gurnani a ƙarƙashin rigar Babagana, wajen ƙugu.

Kai, Dzarma ya sha ganin maƙaryata, amma bai taɓa ganin fuskar da ta zube haka ba.

"Fito da ita. Buɗe."

Ya fito da wata wayar, ya buɗe. Sallamar mamaci ce a rubuce, ɓaro-ɓaro.

"Kai na ba ɗaki a gidan nan," Bulama ya ce a hankali. "Kai ka zauna kusa da ni ana yi mini gaisuwa."

Babagana ya durƙusa yana kuka. "Baba, don Mu'mina na yi! Sun ce in riƙa gaya musu abin da ake faɗa a kansu, za su sako ta. Wallahi ban san kashe shi za su yi ba. Daga baya suka ce sai sunan mai aikowa."

"Ka ba su," in ji Bulama.

"Na ba su."

Dzarma ya ga tambayar tana zuwa, ya so a ce yana waje.

"To, ka ba su ƙanena. Ina 'yata?"

"Tun shekaranjiya sun daina ɗaukar wayata, Baba."

Dzarma ya sa masa ankwa, ya tasa shi gaba. Da suka kai ƙofa ya waiwaya. Tsohon yana zaune da kwadon a hannu, ya datse, ya buɗe, ya sake datsewa, bai ɗago kai ba.