Ƙofofin Baba

Har yau in Auta ta ji kukan ƙofar katako, sai gidansu ya faɗo mata a rai. Babanta kafinta ne, shi ya haɗa ƙofofin gidan da hannunsa, kuma kowace da halinta. Ta falo tana da ɗan tari, ta kicin sai an tallafe ta da ƙafa kafin ta buɗu. A jikin ta waje maigidanta ya riƙa jingina lokacin da yake neman aurenta, yana ta zuba, ita kuwa tana kallon ƙasa.

Bayan rasuwar Baba aka yanke shawarar sayar da gidan, Inna ta koma wurin Yaya Babba. Ranar da aka zauna a falo kan maganar dillali, har da maigidan Auta, wanda ake ce wa Injiniya saboda gyaran wutar lantarki da yake yi.

"Akwai wani dattijo," in ji Injiniya. "Na sha yin aiki a gidajen da yake sayarwa. La'adarsa ta ninka ta saura, ba zan ɓoye ba, amma ba ya wulaƙanta gida."

Yaya Babba ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ninki? To kai nawa ne kasonka a ciki?"

Injiniya ya miƙe a hankali, ya yi wa Inna sallama.

"Kada ka sake taka gidan nan sai an gama ciniki," Yaya ya bi shi da magana. "Ke kuma Auta, zauna ki taya Inna haɗa kaya. Ina da yarona, Shaf-shaf, shi ma dillali ne, rabin kuɗi zai karɓa."

Auta ta sha kuka a bayan ƙofar kicin. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, ita ma sai da zuciyarta ta raya mata: anya ba gaskiya Yaya ya faɗa ba? Da Injiniya ya kira ta a waya ta kasa cewa komai.

"Na ji shirunki," ya ce. "Ba sai kin tare mini faɗa ba. Ki kula da Inna, ki kuma buɗe ido."

Ta kuwa buɗe. Shaf-shaf ya zo da waya biyu da turaren da ke riga shi shiga ɗaki. Ba ya sanar da zuwansa. Inna tana kishingiɗe sai ta ga ƙattai a kanta da takalma, suna ƙwanƙwasa bango. Auta ta lura da wani abu: ba masu saye ne ke kushe gidan ba, shi ne yake fara musu, don farashi ya sauko a gama da wuri ya wuce wani gidan.

"Tsohon yayi ne, oga, ka san aikin mutanen da. Ka taya kawai, zan shawo maka kansu."

Inna ta rage cin abinci. Ta koma zama da mayafi ko a ɗakinta, kamar baƙuwa.

Wata rana Yaya yana nan aka zo da wani mai son rushe gidan ya yi shaguna. Ƙofar kicin ta ƙi buɗuwa. Auta ta buɗe baki za ta ce a tallafe ta, Shaf-shaf ya riga ya kai wa ƙofar hauri. Ƙofar ta ɓalle ta sama, ta karkace.

"No wahala, oga. Waɗannan ai itacen girki ne."

Inna ta tashi ta shige ɗaki.

Auta ba ta taɓa mayar wa Yaya magana ba tun tasowarta. Bayan sun fita ta durƙusa gefensa.

"Yaya, ka ce yana da araha. Amma duk zuwan da ya yi sai kuɗin gidan ya ragu, Inna ma ta rame. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma ban ga arahar ba. Mijina kuma... ko ƙusa bai taɓa ɗauka a gidan nan ba."

Yaya bai dube ta ba. Ƙofar yake shafawa. "Ni na riƙe wa Baba ita ranar da ya kafa ta," ya ce can ƙasa. "Har ya bugar mini yatsa."

Sai ya ciro waya.

"Injiniya, kana da sukuddireba? To zo da ita. Ka taho da tsohon nan naka." Ya ƙara da cewa, "Bakina ya yi kuskure, ƙanena. Ka yafe."

Dattijon ya zo a kan tsohon babur, ya tuɓe takalmi tun daga bakin ƙofa. Sai da ya gaida Inna, ya yi mata gaisuwar rashi, sannan ya tambayi lokacin da ba za a takura mata ba. Ya zagaya gidan, ya buɗe kowace ƙofa ya rufe.

"Wa ya yi waɗannan?"

"Marigayi maigidana ne," in ji Inna, ta gyara zama. Ranar ta yi hirar da rabonta da irinta tun rasuwa.

Cinikin bai zo da sauri ba. Yaya ya yi ta mita, yana cewa tsohon nan ko kunkuru ya fi shi hanzari. Auta ta koma ɗakinta tana addu'a. Daga ƙarshe dattijon ya kawo wani malamin makaranta da matarsa da 'yan yaransu. Bai ɓoye musu inda rufi ke yoyo ba, ya kuma sa Auta ta nuna wa matar yadda ake tallafe ƙofar kicin. Matar ta gwada, ƙofar ta buɗu, suka yi dariya tare. Ko bayan an fitar da la'ada, abin da ya zo hannu ya fi duk tayin da Shaf-shaf ya kawo.

Daga nan Auta ta gane ba a kuɗin da mutum ya karɓa ake gane tsadarsa ba, sai a abin da ya bar maka bayan ya tafi. Ta kuma gane miji na gari ba ya buƙatar rantsuwa, haƙuri ne ke wanke shi.

Ranar tashi, bayan an loda kaya, Injiniya ya jingina da ƙofar waje yana murmushi, ya tsokani Auta kamar lokacin neman aure.

"Yarinya, ko Auta na ciki?"

Ta sunkuyar da kai kamar da. Amma wannan karon ita ta fara miƙa masa hannu.