Kife Takardar, Malama

Ranar da ta fara shigowa shagonsa na fotokwafi, takardun da ta miƙo duk sun sha jan biro, ba layin da ta bari. Ɗalibar aikin jinya ce. Ta faɗi jarrabawar ƙarshe, dama ɗaya ta rage mata.

Yana jiran inji ya yi zafi, ya ce, "Wannan zanen zuciyar me yake cewa?"

Ta kai hannu za ta duba, ya kife takardar.

"Ni bokona bai yi nisa ba. Faɗa min da bakinki."

Ta kasa, ta fita ranta a ɓace. Washegari ta dawo ta zayyana masa yadda jini ke zagayawa. Ya tambaye ta abin da ke hana jinin komawa baya. Nan ma sai da ta koma ga littafi.

Haka suka saba. Ta karanta kaɗan, ta kife, ta koya masa. Sai an kwana biyu ya tono tsohuwar tambaya, lokacin da ta fara mantawa. Yana ce mata Malama, tana ce masa Daƙiƙina.

Mahaifinta ya ji labari, ya zo shagon da kansa.

"Yaro, hira ce ta kayar da ita bara. Ka yi min alkawari, ba magana, ba waya, sai ta gama."

Ya yi alkawarin. Da yamma saƙonta ya shigo: "Daƙiƙina, yau ƙoda ce. Ina tambayata?"

Ya daɗe yana kallon wayar. In ya amsa, ya ci amanar dattijo. In ya yi shiru, za ta koma jan layi ita kaɗai, kuma shi ya san inda wannan ke kaiwa. Wani saƙon ya biyo: "Ashe kai ma ka gaji da ni."

Bai amsa ba. Ya rufe shago ya sami mahaifin a wurin aikinsa na walda.

"Baba, alkawari yana nan. Amma a samu wani ya riƙe mata littafin. Ta yi bayani ba dubawa, duk inda ba ka gane ba ka tsayar da ita."

"Ni? Me na sani a ƙoda?"

"Shi ya sa za ka iya."

Dattijon ya ɗauki aikin. Kullum bayan la'asar yana zaune a tsakar gida da tabarau, tana bayani, yana gardama. Ta yi fushi da mai shagon har ranar da ta ji mahaifinta ya tono tambayar makon jiya.

"Baba, wa ya koya maka wannan?"

"Wani daƙiƙi."

Ta ci jarrabawar. Dattijon ya aika aka kira mai shagon, ya sa shi zama kusa da shi.

"Ka riƙe maganata lokacin da riƙon ya yi maka nauyi. Turo manyanka. Ni na gaji, yanzu ko gishiri na taɓa sai an yi min lacca."

Bayan ɗaurin aure ya dafa kansu ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka. Sannan ya raɗa wa angon, "Duk abin da ta ce ka daina ci, daina kawai. Tana da hujja."