Ranar Da Ta Buɗe Shafin

"Shafin nan babu shi!"

Farfesa ya juyo da kwamfutar gaban Auta. Fari fat, sai ɗan rubutu wai ba a samu ba.

"Babi na uku kaf a kansa kika ɗora. 'Yar ajinku ta ce ƙirƙiro alƙaluman kika yi."

Auta ta san 'yar ajin. Ita ce mai zaryar laburare tana ƙamshin turare, ba don littafi ba, don ma'aikacin wurin, saurayin Auta.

Ana cewa abin da ya hau intanet ba ya ɓacewa. Mai faɗin haka bai taɓa rubuta kundin digiri ba.

Ga Baba ya riga ya yanke: babu digiri, babu zancen aure, balle da "mai kakkaɓe littattafai".

"Zuwa ƙarfe biyu," in ji Farfesa. "Ko hujja, ko ki maimaita shekara."

Da gudu ta faɗa laburare. Saurayin nata yana zaune yana liƙa lamba a bayan littafi.

"Sun goge shafin! Na shiga uku!"

"Zauna, Autata. Me kika sa a manazarta?"

"Sunan marubuciyar, shekara, taken, adireshin..."

"Cikakke, ko kin gutsure shi?"

"Cikakke! Ka bar ni na sakata ne?"

"Da ranar da kika buɗe shi?"

Ta harare shi cikin hawaye. Wata uku suna faɗa a kan wannan, har ta laƙaba masa Malam Kwanan-Wata.

"Sha huɗu ga Maris."

Ya shiga rumbun intanet da ke adana tsofaffin shafuka, ya zuba adireshin, ya zaɓi ranar. Sai ga shi... jadawalin, alƙaluman, komai yadda ta bar shi!

Ta ƙwalla ihun da ya sa masu karatu duk suka ɗago.

"A hankali, masoyiya," ya ce yana dariya. "Korata za ki sa a yi."

Farfesa ya duba, ya sa hannu, ya ce a nemo masa 'yar ajin.

Da yamma Baba, tsohon malamin makaranta, ya ji labarin, ya gyara tabarau.

"Shi ya matsa ki rubuta ranar?"

"Shi ne, Baba."

"Ke kuma kina masa tsiwa."

Ta rufe fuska da mayafi.

"To, yaron da ba ya wasa da rana... ce masa ya turo manyansa, mu ma mu rubuta masa ɗaya."