Ragin da Ma'azu Ya Nema a Kogo

Wanda bai taɓa fita arewa da Guangzhou ba ba zai gane duwatsun nan ba. Tsaye suke ɗai-ɗai kamar an dasa su, kore shar, amma cikinsu duk rami ne, ruwa ya daɗe yana cinye su ta ƙasa. Can Ma'azu ya kai kansa.

Shekara tara yana garin Shiling yana saya wa Alhazan Kano jakunkuna, nasa bai wuce la'ada ba. Ilu, wani tafinta ɗan Maraɗi, shi ya ɗauke shi a mota da hantsi, suka shiga wani kogo mai sanyi kamar kabari. Duwatsu na reto daga sama kamar nonon saniya, kowanne na ɗiga. A ƙuryar akwai jan ƙyalle, da turaren tsinke, da kawunan zakaru a jere. Wani tsoho na tsugune yana tarar ruwan a kwano.

Ilu ya fassara: "Ya ce ka sha wannan, arziki zai bi ka. Amma kogo zai ɗauki shekara ashirin daga cikin kwananka."

To, ɗan kasuwar Kano, ko allura ce ba ya saye a farashin farko. Ma'azu ya zaro kalkuleta ya danna biyar.

"Laoban, maigida, yi mini ragi."

"Kai Ma'azu, nan ba kasuwar Shisanhang ba ce fa!" in ji Ilu.

"Faɗa masa biyar. In bai sallama ba mu tafi."

Tsohon ya yi dariya, bakinsa ba haƙori ko ɗaya. Ilu ya saurara, ya ce, "Ya sallama. Amma wai kogo ba ya ragi. Sha biyar ɗin zai cire su daga mutanen gidanka."

Ma'azu ya ji sarai. Ya ce a ransa gidansu mutum talatin ne, kowa wata shida, wa zai lura? Ya kafa kai ya shanye.

Kafin shekara ya buɗe shago uku a kasuwar Canaan. Ya ɗauko matarsa Sa'adiya da 'yarsu Mariam daga Kano. Amma kogo bai raba daidai ba. Mahaifiyarsa ta faɗi tana alwala, ba ta tashi ba. Sai gwiwoyin Mariam suka fara sandarewa, sannan ƙugu, sannan wuya. Likitoci suka yi hoto har suka gaji. Ranar da ta cika, ƙarti huɗu da kyar suka ɗaga gawar 'yar shekara shida.

Sa'adiya kuwa ta fara jin ɗigar ruwa. Ta jera kwanuka a falo, tana bin su ɗaya-ɗaya tana cewa, "Baban Mariam, rufin nan na yoyo." A ɗaure aka mayar da ita gida.

Ma'azu ya koma kogon, ya durƙusa, ya danna ashirin a kalkuleta. Ya goge ya danna arba'in. Tsohon bai ko ɗago kai ba.

"Meyo," ya ce. Wato babu.

Ma'azu yana nan da ransa, ko mura ba ya yi. Shagunan sun tafi. Za ku gan shi a bakin kasuwar Canaan, yana tare baƙi yana roƙon su karɓi shekarunsa kyauta.

Ku 'yan kasuwa masu hanzarin yin arziki, ku ji tsoron Allah. Duk wanda ya kai kansa wurin boka ya riga ya yi shirka, kuma ba shi kaɗai zai biya ba.