Gargaɗin Tafinta a Jirgin Albasa

A can da, a wani gari na bakin kogi, ba a ambaton kifewa a cikin jirgi, wai ambatonta kiranta ne. Wata rana wani tafinta ya shiga jirgin fito. Aka loda albasa, jirgi ya nutsa kaɗan. Aka ƙara awaki, ya ƙara nutsawa. Tafinta ya ga haɗari, amma yana tsoron a ce masa mai mugun baki, sai ya fake da Turanci: “Jama'a, jirgin nan fa zai yi capsize.”

Wata tsohuwa ta ce, “Allah ya sa, ɗan nan.”

A tsakiyar kogi jirgi ya kife. Masunta suka tsamo kowa, ban da albasa.

Tafinta yana matse hula ya ce, “Ai na faɗa muku!”

Tsohuwa ta ce, “Ka faɗa, ɗan nan. Fassarar ce ta zo a makare.”