Kunnen Ɗan Zomon Arzika

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa lokacin da Arzika ya shigo gidansa a Horo Birni, jakinsa a gaba, shi kuma yana rungume da wani abu cikin riga. Daga kasuwar Bodinga ya fito. A zamanin nan Nasara bai shigo ƙasar Sakkwato ba tukuna, hanya duk daji ce, kuma mai hankali ba ya tsintar abin da ba shi ya ajiye ba. To, Arzika mutumin kirki ne, amma ba ya iya ganin abu a ƙasa ya wuce.

Ɗan zomo ne. A gindin wata tsamiya ya same shi da tsakar rana, kwance shi kaɗai. Idonsa bai gama buɗewa ba, amma ya kai girman kyanwa. Matar Arzika, Hauwa'u, ta ce ita tun da take ba ta taɓa ganin jaririn zomo haka ba, a mai da shi inda aka ɗauko shi. Sai dai Atika, 'yarsu tilo mai shekara tara, ta riga ta rungume shi, Arzika kuwa bai taɓa iya hana yarinyar nan komai ba.

Sai ya yi abin da ya gada. A gidansu duk dabbar da ta shigo, tunkiya ko akuya, sai an tsaga mata kunnen hagu, don ko ta ɓata a makiyaya a san ta gidan ce. Ya zaro wuƙa ya tsaga kunnen ɗan zomon, ko bisimilla bai yi ba. Zomon bai motsa ba. Ya dai buɗe ido duka biyu ya dube shi. Kaji suka yi tsit. Can sai ga dutse ya faɗo tsakar gida ya fasa tukunyar miya.

Tun daga ranar, da zarar magariba ta kawo jiki sai jifa ya fara, kuma ba a ganin mai yi. Bayan rumbu ana jin muryar mace a hankali, irin ta mai rarrashin goyo. Zomon ba ya cin dusa, ba ya cin harawa, amma a kwana bakwai ya kai ɗan akuya. Atika kuwa sai ramewa take yi, tana dafe kunnenta na hagu tana kuka. Sau biyu Arzika yana kai zomon gindin tsamiyar, sau biyu yana dawowa ya iske shi a cinyar yarinyar. Tsoro ya kama shi ƙwarai, ga kunyar matarsa.

Rana ta takwas Atika ta zauna cikin toka ta daina gane uwarta. Arzika ya yi sammako zuwa Shagari, ya ɗauko Malam Ladan, wani tsoho mai ƙarancin magana da aka sani da wannan aiki. Bayan la'asar malamin ya shimfiɗa buzunsa gaban yarinyar, ya fara karatu ba gaggawa. Inuwa ta yi tsawo, jifa ya fara, bai ɗaga kai ba. Can yarinyar ta miƙe wuya, wata murya ta tsohuwar mace ta fito daga bakinta, muryar aljana.

"Ɗana na. Na aje shi inuwa in ɗebo ruwa."

Malam Ladan ya ce mata ai sau biyu ana mai da shi, me ya hana ta ɗaukar abinta?

"Ɗaukar da yay yi na yahe, ɗan Adam makaho na. Amma ya yi mai shaidar bisashe. Ɗana tumkiya na? Tunda shaidar gidanga na ga kunne nai, nan za shi riƙa komowa. Ni ko in yi ma ɗiyarsu tawa shaidar, ta biyo ni."

Hauwa'u ta toshe bakinta da gyale. Malamin ya ce yarinya ba ta da laifi, ya yi tayin rago, aljanar ta ƙi. Ya tsananta karatu har ta yi ƙara, amma ta rantse ko ƙona ta zai yi, da hankalin yarinyar za ta tafi. Kunne take so, na jinin gidan nan, sai shi zai kwance shaidar.

Arzika ya matso ya durƙusa.

"Hannuna yay yanka. Ki amshi nau."

Malam Ladan ya dube shi, ya tambaye shi ko ya san abin da ya faɗa, don ba a warware irin wannan magana. Ya ce ya sani. Sai malamin ya sa aljanar ta rantse da Wanda ya halicce ta cewa kunne kawai za ta taɓa, ba za ta ja mutumin ba, kuma ba za ta ƙara waiwayar gidan ba. Ta rantse. Nan take Arzika ya dafe kunnensa na hagu. Yarinyar ta yi atishawa sau uku ta faɗi, zomon kuma ya sauka daga cinyarta ya fice ta ƙofar gida, bai waiwayo ba.

Da safe Atika ta farka ta ce yunwa take ji, ta shanye fura ƙwarya guda. Ta hango ubanta zaune a ƙofar ɗaki yana tufka igiya. Ta taho ta hagunsa ta ce, "Baba." Bai juyo ba. Ta sake kira, ta ƙara, yana ta tufkarsa. Idonta ya ciko, ta ɗauka fushi yake yi da ita. Hauwa'u ta taso ta kama hannunta, ta zagayo da ita ta damansa.

"Ta nan za ki riƙa kiran shi, ɗiyata."